Gambar da Aka Tuge a Filin Coci

Shekara ashirin da shida Malam Kashim ya yi yana duba-gari a ƙaramar hukumarmu. Fataucin kanwa ne ya kawo kakansa daga Borno, ya zauna kusa da Tofa har ya rasu. Shi kuwa Kashim aikinsa duba rijiya da masai da hanyar ruwa. Ba shi da yawan magana. Sai da na yi zama uku a zaurensa kafin ya ba ni wannan labari.

Bara, gab da shuka, aka tura shi wani ƙauye inda Hausawa Kirista, gida tara, suka nemi izinin gina coci a gonar dattijonsu, Ɗan'auta. An ce ya duba inda ruwan rufi zai bi, da nisan masai daga rijiya. Sai ya sa hannu za a ba da izini.

Samarin cocin, don su burge mai dubawa, suka share filin tas, har da layin ciyawar gamba. A karkarar nan gamba ce iyakar gona. Wanda ya tuge ta, tamkar ya ce gonarka tasa ce.

Da Kashim ya isa, ya tarar Ɗan'auta a ƙasa, jini na zuba ta kunnensa. Basiru, mai gonar da ke maƙwabtaka, na tsaye da 'yan'uwansa riƙe da gora da fartanya. Rumbu ɗaya na ci da wuta. Khalilu, ƙanen Basiru, ya nufi gidajen Kiristocin da galan ɗin fetur, mata na ihu suna jan yara.

"Ga na gwamnati nan, ya zo sa hannu a cinye mana gona!" in ji wani daga cikin 'yan'uwan Basiru.

Kafin ya yi sallama gora ta sauka a kafaɗarsa, ya ji ƙashi ya ce ƙas. Dutse ya fasa masa leɓe. Ya durƙusa, ya tofar da jini.

"Basiru, ara mini fartanyarka."

"Ka sare ni, Malam?"

"Da sara na zo yi, da na taho da tawa. Khalilu, dakata ka gani, gidajen ba gudu za su yi ba."

Da hannu ɗaya ya fara tono. Ya san ko an tuge gamba, saiwarta na nan a ƙasa. Ya tono dunƙule ɗaya ya ɗaga, ya ja gwiwa gaba ya tono wani, har tsohon layin ya fito fili. Turaku uku na harsashin ginin suna cikin gonar Ɗan'auta. Na huɗun ya shiga ta Basiru da taki guda.

Kashim ya cire turken ya yar. Wani saurayin cocin ya zabura ya haure shi a haƙarƙari.

"Kai ma nasu ne!"

"Bar shi, ɗan nan," Ɗan'auta ya ce daga kwance. "Turken ya shiga."

Basiru ya bi ramukan da kallo. Sannan ya ce, "Khalilu, ajiye galan ɗin."

"Yaya..."

"Na ce ajiye!"

A gadon asibiti Kashim ya faɗi rahotonsa, matarsa Amsa tana rubutawa tana yi masa faɗa. Rahoton ya ce: a ja ginin baya taki biyar, a juya ruwan rufi zuwa kududdufi, a sake dasa iyaka gaban mai unguwa kafin a aza bulo.

Ginin ya kai taga yanzu. Ɗan'auta ba ya ji da kunnen hagu, kuma har yau ba sa gaisawa da Basiru. Hannun Kashim bai ƙara ɗaguwa sama da kafaɗa ba. Ya ajiye aiki bayan babbar Salla.