Zabirar Zakariyya'u

Zakariyya'u ƙanena ne, wanzami a Makera, gadon mahaifinmu. Rabin mazan layinmu shi ya yi musu kaciya. Tinƙahonsa wani gari ne da yake barbaɗawa, wai jini bai taɓa ƙin tsayawa a hannunsa ba.

Da 'yarsa Sumayya ta haifi Auwal, shi ya cire wa jaririn beli. Jinin ya daɗe yana tsattsafowa. Ya ƙara gari, bai faɗa wa kowa ba. Da lokacin kaciya ya zo, uban yaron ya so a je asibiti. Zakariyya'u ya ce abin kunya ne a kai jikan wanzami asibiti kaciya.

Shi ya yi kaciyar, jini ya ƙi tsayawa. Garin bai yi komai ba. Da ƙarin jini aka ceci yaron a asibiti, da ƙyar.

Da sakamakon gwaji ya dawo, na bi shi da iyayen yaron wurin Dakta Faith. Ta ce a cikin ƙwayoyin gadon mutum akwai wasu gutsattsari masu kwafar kansu suna sauya wuri. Wani lokaci har sukan kwafo wata ƙwayar su jefar a gefe, kwafin ya zauna matacce, ba aiki. Mu da akuya da ɓera duk muna ɗauke da irinsu, yawanci ba sa cutarwa. Na Auwal kuwa ya faɗa tsakiyar ƙwayar da ke sa jini ya daskare, ya ɓata ta. Ta ƙara da cewa ta wajen uwa ɗa namiji ke samun wannan ƙwayar.

A keke napep na ce masa ya saki ransa, tunda ba hannunsa ba ne.

"Yaya, kin san dangin mijinta," ya ce. "In suka ji 'ta wajen uwa', zaman Sumayya a gidan ya ƙare."

Da surukan suka zo dubiya, ya riga kowa magana. Ya ce tsufa ne, hannunsa ya yi rawa. Uban yaron ya sunkuyar da kai. Uwar mijin ta faɗa wa Zakariyya'u maganganun da ba a faɗa wa dattijo, ta rungume Sumayya. Labari ya zaga Makera, aka daina kiransa ko askin suna.

Yanzu zabirar tana rataye a ƙusa, shi kuma yana gadin wani shago a Kakuri. Na ce masa ya kashe sana'ar ubanmu da ƙarya.

"Rabi ne ƙarya, Yaya. Na ga jinin tun ranar beli."