Kofur da Takalmin Kasuwa

Shekara goma sha ɗaya ina goge wa sojoji kaki a bayan bariki, kuma a duk waɗanda suka taɓa miƙo min wando ban ga mai taurin kai irin maƙwabcina Kofur ba. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa, shi ma bai kai rufi ba, don haka in ya yi tari ni ne mai ce masa sannu.

Allah ya ba bawan nan ƙafa. Ba tsawo gare ta ba, faɗi ne, sai ka ce faranti. In ya taka ƙasa mai laima ya wuce, kaji na iya shan ruwa a sawunsa. Na sha faɗa masa haka, shi kuma ya ce da ƙafar nan yake tsare ni ina barci, in kama bakina.

To, sito na bariki tsawon ƙafa kawai ya sani. Mai sito zai dube ka ta taga, ya tambayi lamba, ya turo maka takalmi, ya ce na baya ya matso. In Kofur ya karɓi daidai tsawonsa, takalmin ya matse shi kamar an kama ɓarawo. In ya karɓi babba, dunduniya ta yi ta wasa a ciki har ta saɓule. Shekara takwas yana haƙuri, tun yana kurtu, yana cusa tsumma da auduga. Sai wata damina aka tura su tafiyar kwana huɗu a ƙasa. A rana ta biyu ƙasan takalmin hagu ya rabu da samansa. Ya ɗaure da waya ya ci gaba da tafiya cikin taɓo. Da suka dawo likita ya duba, ya girgiza kai, ya yanke masa ƙananan yatsu biyu. Ranar da aka sallame shi daga asibiti bai biya ta gida ba, kasuwa ya wuce da sanda, ya sayo takalmi baƙi mai faɗin baki. Tun daga ranar bai sake sa na sito ba.

Kada ku ɗauka shi kaɗai ne. Rabin barikin nan takalmin kasuwa suke sawa, har da Samanja, babban da ke tsawata musu a fareti. Amma doka ta ce soja kayan da aka ba shi zai sa, kuma akwai yadda ake ganewa. Fatar nan da ke ƙarƙashin zaren takalmi, wadda ake ce wa harshe, ta sito tana da hatimi da lamba. Mai duba fareti zai sa sandarsa ya ɗaga bakin wando, ya leƙa. In ya ga hatimi ya wuce. Saboda haka kowa ya san hanyar wani tsohon baduku da ke zaune kusa da rumfata. Ka kai masa na sito da na kasuwa, ya yanke harshen wannan ya ɗinka a wancan, kafin ka gama shan ruwa an gama. Na siton kuma a jefa ƙarƙashin gado, ɓeraye su samu masauki.

Kofur ne kaɗai ya ƙi. Baduku ya lallashe shi, abokansa sun lallashe shi, ni ma na sa baki.

"Kofur," na ce, "allura da zare ne fa, ba kaciya za a yi maka ba."

"Kai mai guga, sitaci ya toshe maka kai," ya ce. "In duk muka liƙa hatimi, na sama zai leƙo ya ga hatimi, ya ce takalminsu lafiya lau. Gobe a sake ba wani ɗan mutane irinsa ya tafi daji. Ni ba zan yi wa takalmin da ya ci min yatsu shaida ba."

Tsofaffin hafsoshi sun san labarinsa, in sun zo kansa sai su kau da ido. Haka ya yi ta tafiya da igiya biyu a hannun riga har saura wata bakwai ya yi ritaya. Sai aka ce za a yi ƙarin girma, kuma sunansa na cikin waɗanda za a duba. Igiya ta uku kenan, ya zama Saje. Wannan ce dama ta ƙarshe, in ta wuce da igiya biyu zai koma gida, fanshonsa ma na kofur har ya mutu.

Ana cikin haka aka kawo sabon hafsa, yaro ɗanye shakaf, ƙugu kamar na zanzaro. Sojoji suka sa masa suna Madubi, don sai ya ga fuskarsa a bakin takalminka yake yarda ka goge. Ya sa aka karanta oda: ranar Litinin zai duba kayan kowa, duk wanda aka kama da abin da ba na sito ba a soke sunansa.

Ranar Asabar layin baduku har bakin titi. Ina guga sai ga matar Kofur, wadda nake kira Yaya, da abu ƙunshe a zani, tana waige-waige.

"Yaya, jariri kika sato?"

"Rufe min baki, ɗan nema. Ya shiga wanka. Baba baduku, don Allah taimaka ka fara da nawa."

Baduku ya kwance zani, ya ga faɗin takalmin, ya yi dariya. Ya ɗauki wuƙa kenan sai ga Kofur daga shi sai tawul da silifa, kumfar sabulu a kunne. Layi ya dare biyu.

"Baba, ajiye wuƙar nan."

"Haba Baban yara," in ji Yaya, "shekara ashirin da biyu ina wanke maka safa. Awa biyu kawai za ka tsaya! Wa zai mutu don an ɗinka 'yar fata?"

"Wanda za a ba irinsa baɗi."

"Shi ne zai ciyar da kai in ka tsufa? 'Yarka ta fari saura shekara biyu ta gama makaranta, ka tuna?"

Na ga maganar ta shige shi, don har ya sunkuyar da kai yana kallon ƙafarsa ta hagu, inda silifa ya bar gurbin a fili. Ni kuwa da ba na iya ganin shiru na ce, "Kofur, in ka zama Saje ni ma na samu ƙarin girma, in ce ni ke goge wa Saje." Ko murmushi bai yi ba. Ya tattara takalmansa huɗu ya rungume, ya juya gida, tawul na neman kwancewa.

Litinin da hantsi na kai wa wani kayansa, na maƙale a jikin wayar shinge ina kallo. Kakin Kofur ni na goge shi, karin wandon nan zai yanka albasa. Madubi na tafe yana ɗaga bakin wando ɗaya bayan ɗaya, Samanja na bin sa da littafi. Hatimi, hatimi, hatimi. Ya zo kan Kofur ya ɗaga, ya sake ɗagawa.

"Wannan na ina ne?"

"Na kasuwa ne, Yallabai."

"Ba a ba ka na sito ba?"

"An ba ni, Yallabai. Ba ya shiga ƙafata, wanda ya shiga kuma ba ya kai ni inda aka aike ni."

"Kowa a layin nan ya iya sawa sai kai?"

Kalma ɗaya Kofur zai faɗa rabin bariki su shiga uku, har da mai riƙe da littafin. Samanja ya kafa wa sama ido kamar yana ƙirga tsuntsaye. Kofur ya ce, "Na kowa ban sani ba, Yallabai. Nawa na sani. In an ba ni izini in nuna."

Bai jira izinin ba. Ya durƙusa ya kwance zare, ya zare takalmi, ya zare safa, ya dasa ƙafar nan a kan kwalta, yatsu uku. Ya miƙe ya ƙame.

"Aikin na sito ne wannan, Yallabai. A rubuta sunana, amma a rubuta da dalilin."

Madubi ya kalli ƙafar ya daɗe. Ni na ɗauka ya ji tausayi. Sai ya ce doka doka ce, a rubuta. Samanja ya rubuta.

Bayan kwana uku Samanja ya zo har gida, ya zauna a bencina kamar mai jiran guga, ya aika a kira Kofur. Ya ce ya roƙi hafsa, an yarda: Kofur ya rubuta takarda cewa kuskure ya yi, ya bayyana a fareti na gaba da hatimi, a mayar da sunansa.

"Da wane takalmin zan bayyana, Samanja?"

"Kai ma ka san da wanne. Ga baduku nan."

"To a gaida Yallabai."

Takarda dai ya rubuta, amma ba wadda aka nema ba. Shafi biyu, yana neman sito ya riƙa kawo takalmi mai faɗi, da kwanan watan tafiyar da sunan likitan da ya yi masa aiki. Har yau ba amsa.

Da sunaye suka fito babu nasa. Yaya ta yi sati ba ta ce masa ci kanka ba, abinci ma ta ƙofa take turo masa da ƙafa. Ranar da ta buɗe baki ina jin su ta saman bango.

"To, ga ka nan, kofur har kabari. Ka huta?"

"Na huta," ya ce. "Miƙo min man takalmi, gobe akwai fareti."