Rufin da Aka Hana Malsun Gyarawa

Shagona na wanki da guga yana bakin ƙofar Rukunin Gidajen Solbat, a gefen birnin Seoul. A da maƙwabtana su ne mai aski da mai gyaran takalmi da wata mai sayar da littattafan yara. Duk sun tashi, dillalan gidaje sun maye gurbinsu. Hagu dillali, dama dillali, suna zaune cikin kwat tun safe suna kaɗa ƙafa, ni kaɗai ce a layin nake aikin da ake gani da ido. A wannan ƙofar na san Pyo Malsun, kuma saboda ita ne yanzu idan dillalan sun gaishe ni nake amsawa da hanci.

Malsun 'yar wani ƙauyen masunta ce a kudu. Ta zo birni tana budurwa, ta shiga masana'antar ɗinki, ta auri wani direban bas mai suna Om Dokbe, mutum mai barkwancin tsiya. Da aka gina Solbat suka sayi gida a hawa na biyar, na can ƙarshe, don shi ne mai araha, ginin kuma ba shi da lifta. A nan suka raini ɗansu Sangpil, wanda yanzu yake aiki a jirgin ruwan dakon kaya, sai dai a ji muryarsa a waya. Da masana'antar ta rufe sai ta kama rumfa a kasuwa tana sayar da kimchi, wato jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, da soyayyun ƙananan kifi. Mace ce mai tsafta ta fitar hankali. Ni da wanki ne sana'ata, kunya nake ji idan ta kawo bargo, don ban san abin da zan wanke a jikinsa ba.

Solbat ya tsufa, kuma kowa a cikinsa abu ɗaya yake jira, wato masu duba lafiyar gini su zo daga hukuma su ce ya lalace. In sun faɗi haka za a ba da izinin rushe shi a gina dogaye, farashin kowane gida ya ninka tun kafin a ɗaga guduma. In sun ce da sauran ƙarfinsa, to, an shiga uku. Shi ya sa shekara da shekaru ba a taɓa gyara komai ba. Famfo yana zubo ruwa ja kamar shayi, bango ya tsage, ƙarfen matakala ya yi tsatsa, masu gida suna kallo suna murna. Ai da sauƙi a gare su, yawancinsu ba sa kwana a ciki, 'yan haya suka zuba. Shugabar ƙungiyar masu gidajen, Madam Ma Hyeran, tana can tsallaken kogi a sabon gini, sai ta zo taro a mota da ruwan shanta a gora.

Su Malsun suna cikin 'yan tsirarun da suka mallaki gida kuma suke zaune a cikinsa. Rufin ginin a kansu yake, shi kuma ya fara yoyo. Baƙar fumfuna ta kama silin ɗakin kwanansu, ta goge, ta dawo, ta sake gogewa. Dokbe dama huhunsa ya gaji da hayaƙin bas da taba, sai tari ya kama shi ba ƙaƙƙautawa. Likita bai ɓoye mata ba, ya ce ko a gyara ɗakin ko a fitar da shi daga ciki, in tana son mijinta.

Ta fara zuwa wajen ƙungiya ta roƙi a gyara rufi. Suka ce rufi na kowa ne, sai an yi taro. Aka yi taro aka ce sai bayan zuwan masu dubawa. Daga nan ta shiga shagon da ke hagu da ni, wajen Bang Chunsik, dillalin da ya fi kowa baki a layin. Bangon da ke tsakaninmu katako ne, ina guga ina jin su.

"Malam Bang, ka sayar mini da gidana. Ko da rangwame ne, ni dai in samu wuri busasshe."

"Haba Iya, zauna tukuna, ga kofi. Rangwame kuma? So kike a kore ni daga unguwa?"

"Wa zai kore ka? Gidana ne."

"Gidanki ne, amma farashin na kowa ne. Ƙungiya ta yanka farashi, duk dillalin da ya sauko ƙasa da shi babu mai sake taka shagonsa. In na sayar da naki da araha, gobe na Madam Ma ya faɗi, na kowa ya faɗi. Kina so a riƙa nuna ki da baki a kasuwa?"

"To a farashin nasu akwai mai saye?"

"Yanzu? Babu ko ɗaya, kowa na jiran sakamako. Ki yi haƙuri kaɗan, Iya, a kan zinariya kike kwana."

"A ƙarƙashin ruwa nake kwana," in ji ta, ta fito ta bar masa kofinsa.

Abin da ta yi bayan nan har yau ina jinjina mata. Tsohuwa ta haura saba'in, gwiwa ta lalace, ta sayo koren fentin nan mai hana yoyo, ta riƙa hawa da gwangwani ɗaya-ɗaya har saman rufi. Ta share, ta cike tsagogin, ta shafe daidai kan ɗakinsu. Ta sauko ta kankare silin ta liƙa sabuwar takarda. Dokbe ya samu barci, har ya sauko ƙasa ya zauna a bencin ƙofar shagona yana tsokanata wai na ƙone masa wando tun zamanin yana tuƙi.

Ba a yi mako biyu ba wani daga ginin da ke kallon nasu ya hango koren fenti yana walƙiya. A ranar nan Madam Ma ba ta jira taro ba. Aka sa kwaɗo a ƙofar rufi, kafin a sa shi kuma aka tura ma'aikaci da shebur ya kankare duk abin da tsohuwar ta shafa. Na ga mutumin yana saukowa, bai iya haɗa ido da kowa ba. Wai a ƙasar da ake alfahari da girmama tsofaffi ke nan. Tir.

Damina ta kankama, ruwa ya dawo ya fi na da. Wata rana na kai mata barguna sama, na tarar da Madam Ma da Bang zaune a falo, da kwalin lemo mai ɗaurin kintinkiri a gabansu. Madam Ma ta rufe hanci da hankici, tana kallon silin kamar mai kallon kayan lefe.

"Maman Sangpil, mun yi miki ba daidai ba, mun sani. Amma duk Solbat babu gidan da ya kai naki. Dubi wannan baƙin, dubi yadda takardar ta kumbura! Nan za mu kawo masu dubawa. Abu ɗaya muke roƙo, kada ki sake goge komai."

"Mijina yana shaƙar abin nan, Shugaba."

"Wata ɗaya ne kawai," in ji Bang, ya dafa ƙirji. "Ranar da sakamako ya fito, a makon nan zan sayar miki, in nemo muku gida a hawa na ɗaya, na can ƙasa ba matakala, mai kallon rana. In ban yi ba ki tsinka mini mari a tsakiyar layi."

Malsun ta dubi mijinta. Ba su da wurin zuwa, 'yan'uwansu na ƙauye sun ƙare, Dokbe kuma ya rantse ba zai shiga gidan kula da tsofaffi da ƙafarsa ba. Shi ne ma ya yi magana daga shimfiɗarsa.

"Ke tsohuwa, karɓi lemon mana. Shekara nawa na yi ina shan hayaƙin bas ban mutu ba, sai wannan ɗan datti? Ki bar shi, wata ɗaya ai kamar gobe ne."

Ta karɓa. Da muka fito ta raka ni bakin matakala na ce, "Yaya, kin tabbata?" Ta ce ba ta tabbata ba, amma babu wata ƙofa da ba ta ƙwanƙwasa ba.

Wata ɗaya ya wuce, aka ɗage zuwan masu dubawa. Aka sake ɗagewa. Damina ta ƙare, sanyi ya fara shigowa, aka rufe tagogi aka kunna na'urar ɗumama daɓen ɗaki, fumfunar ta samu yadda take so ta gangaro har bango. Bargunan da take kawo mini yanzu wari suke irin na tsumman da aka manta a bokiti, in wanke sau biyu bai fita ba. Wata rana tana jiran in naɗe mata su ta ce da ni a hankali, "Kin san abin da na koma? Kullum da safe sai na ɗaga kai in duba ko ya ƙaru. In ya ƙaru sai in ji daɗi. Yana gefe yana tari, ni ina jin daɗi." Na ƙi karɓar kuɗin wankin, ta ajiye a kan tebur ta tafi.

Ranar da masu dubawa suka zo, layin dillalai ya cika da masu gida da ban taɓa gani ba, kowa ya sha ado. Na rufe shago na hau sama don kada a bar ta ita kaɗai. Madam Ma ta riga su shiga, ta yaye labule don haske ya faɗa kan silin, ta hana a naɗe shimfiɗar Dokbe, ta matsar da robobin tarar ruwa kusa da kansa. Sannan ta durƙusa ta yi ƙasa da murya.

"Baba, idan sun shigo kada ka danne tarin nan, ka ji? Ka sake shi sosai."

Na dubi Malsun, ita kuma ƙasa take kallo.

Mutum biyu ne, da hular kwano da 'yar guduma. Suka cire takalmi, suka rusuna, ɗaya ya ƙwanƙwasa bango, ɗaya ya ɗauki hoton silin. Dokbe ya fara tari. Na farko na wasa ne, na ga idonsa yana dariya. Daga baya abin ya ƙwace masa, ya duƙe, fuskarsa ta rine, Malsun tana bubbuga bayansa. Masu dubawar suka ce Allah ya ƙara sauƙi, suka sa takalmansu, suka fita neman inda za su huda kankaren gini su gwada ƙarfinsa. Madam Ma ta bi su tana nuna musu tsagar matakala. Da numfashinsa ya dawo ya dubi matarsa ya ce, "Yaya, na yi da kyau?"

Kwana kaɗan bayan nan motar asibiti ta zo, aka sauko da shi a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ana juya shi a kowace kwanar matakala.

Yana asibiti sakamako ya fito. Ginin ya faɗi a binciken. Kafin azahar an rataya ƙyalle mai tsawon bas a bakin ƙofa, an rubuta da jan rubutu, "Murna! Solbat ya faɗi a binciken lafiyar gini!" Kamfanonin gine-gine suka aiko da furanni. Aka yi ta rabon wainar shinkafa gida-gida kamar an yi haihuwa, manyan mutane suna rungumar juna don an tabbatar musu gininsu ruɓaɓɓe ne. Bang ya leƙo shagona da faranti, bakinsa har kunne.

"Madam wanki, ci ki sa albarka! Ki gaya wa Iya masu saye uku suna layi. Amma in ni ne ita ba zan sayar yanzu ba, in ta ƙara shekara ɗaya sai ya sake tashi."

Na ce ya fitar mini da farantinsa kafin in ɗora masa dutsen guga.

Da yamma na tafi asibiti. Na tarar da Malsun a tsaye a baranda, likita ya gama magana da ita ke nan. Ta ce mini huhun ya tafi, ba zai sake fitowa daga nan ba, sai dai a rage masa wahala. Ta wanke fuska, ta gyara gashi, muka shiga tare.

Ya rame, an rufe masa hanci da baki da robar iska. Da ya gan mu ya sa hannu ya ɗaga ta.

"Tsohuwa, an ce sakamako ya fito?"

"Ya fito."

"Mun faɗi?"

"Mun faɗi, maigida."

Ya lumshe ido, ya yi murmushi irin na wanda ya sauke kaya. "Madalla, ashe ban yi a banza ba. To ki je wajen Bang gobe. Hawa na ɗaya fa, kin ji, gwiwarki ta huta. Ki duba silin da kyau kafin ki ce kin yarda."

"Zan duba."

"Yaushe za mu tare?"

Ta mayar masa da robar a hankali, ta gyara masa igiyarta a bayan kunne. "Da zarar sun sallame ka," in ji ta.