Yadda Muka Bi Maganin Inna Har Malanbil

Ana sallame sallar asuba muka fito tashar Bagudo, ni da Inna. Masu ta aiko min saƙo wai ina na shige, to ga amsarku: ba biki na je ba, maganin hawan jini na bi har ƙasar Benin.

Bari in ba ku dalili kafin mota ta cika, don ta daɗe ba ta cika ba. Tun bara likitan wani asibitin kuɗi ya ɗora Inna a kan wata ƙwaya mai shuɗin kwali, ya ce kullum ɗaya, kuma kada a karɓi wata. Duk sayen da za mu yi sai mu tarar kuɗinta ya ƙaru. Makon jiya ina kakkaɓe gadonta na ga ƙwayoyin a gutsure. Ashe raba ɗaya take yi biyu don su daɗe, ba ta faɗa wa kowa ba. Yayarta kuwa ciwon nan ne ya shanye mata ɓarin jiki, tana can kwance a Geza sai an juya ta. Wata maƙwabciya ta ce a Malanbil, can ƙasar Benin, magani araha ne, haka ta saya shekarun baya. Ni ba na son doguwar shawara, na ce gobe zan tafi. Inna ta ce ƙafarta ƙafata, wai in ta bar ni ni kaɗai sai na yi faɗa da 'yan kwastan.

Direba ya matse mu a baya tare da buhun albasa. Da muka hau gada rana ta fara fitowa, masunta sun riga sun shiga ruwa, fadamar shinkafa kore shar har iya ganin ido. Inna tana kallon kogi, ni kuma ina kallon fuskarta ko kanta na ciwo. A Ka'oje muka ci masa da zafinta. Daga nan har Illo ramuka ne da shingaye, a kowane shinge direba ya miƙa hannu ta taga, a ce Allah kiyaye hanya.

A Lolo, bakin iyaka, ka ji Hausa, ka ji Dandanci, ka ji Fillanci, duk a bakin mutum ɗaya. Wurin mai canji ne jikina ya fara sanyi. Na miƙa masa damin naira, ya miƙo min 'yan takardun sefa da ko fifita ba za su yi ba. Muka hau kabu-kabu zuwa Malanbil, Inna ta riƙe rigar mai mashin tana salati duk hanya.

Kasuwar cike take da albasa da atamfa, ga magunguna a faranti cikin rana ana sayarwa kamar alewa. Ko kallonsu ban bari Inna ta yi ba. Muka tambayi kantin magani na gaskiya, muka tarar da wata mata mai farar riga, Hausarta da karin Dandanci. Na nuna mata shuɗin kwalin. Akwai shi. Da ta faɗi kuɗin na juya shi zuwa naira a kaina, sai na ga ya fi na gida tsada. Arahar da maƙwabciyarmu ta sani ta tafi tun lokacin da naira ke da ƙarfi. Na jawo tsohuwa mai ciwo cikin ramuka a banza.

Matar ta ga idona ya kawo ruwa. Ta juya kwalin ta nuna min wani ƙaramin rubutu a ƙarƙashin babban suna. Ta ce babban sunan na kamfani ne, ƙaramin shi ne maganin. Ta ɗauko wani farin kwali, ƙaramin rubutun iri ɗaya, ƙarfin iri ɗaya, kuɗinsa kuwa ko kusa da wancan bai kai ba.

Inna ta ture shi. "Likita ya ce wanga, ba wani ba."

Nan bakina ya kwance. Na ce, "Inna, agogon bangonsa, kalandarsa, har biron da yake rubutu da shi, duk sunan wannan kwalin ne a jiki. Masu kamfanin suna shiga wurinsa da jakunkuna ba sa bin layi. Takardar binciken da ya nuna mana mai sheƙi, su suka buga abarsu!"

Ta bari na gama, sannan ta ce a hankali, "Shi ɗai ka tambayata ko na samu kwana. Ki saya, amma ba ni sha sai ya gani da idonai."

Na sayi kaɗan. Muka koma Lolo muka kwana gidan wata 'yar uwar Inna, aka yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi da har yanzu nake tunawa. Da safe muka sauka bakin ruwa, jiragen ruwa daga garin Dole Kaina suna ta sauke mutane da kaya. Ina juyowa na ga Inna ta kwance bakin zane tana cinikin kifin banda, manya-manya.

"Na wa?"

"Na likita."

"Inna! Mutumin da ya sa kike raba ƙwaya?"

"Ke kika ce masu kamfani suna kai mai gaisuwa shina rubuta nasu. Ni ban taɓa kai mai komi ba. Bari in kai tawa, mu gani ko shi rubuta nawa."

Na yi dariya har mai kifi ta taya ni. Daga baya na juya ina kallon ruwa don kada ta ga fuskata.

Da muka sauka Bagudo ko gida ba mu je ba, asibitin muka wuce muna ƙaurin banda. Inna ta gaishe shi, ta ajiye kifin, sannan ta ajiye farin kwalin. Ni kuma na faɗa masa zancen raba ƙwaya. Fuskarsa ta canja. Ya auna ta, jinin ya hau.

"Mama, don me ba ki gaya min ba?"

"Kunya, ɗana."

Ya daɗe yana karanta kwalin. Sannan ya ce, "Ɗaya ne. Ki sha, kullum guda, kada ki raba." Ya rubuta ƙaramin sunan a takarda, ya ce akwai shi a kemis na nan cikin gari. A nan cikin gari! Na buɗe baki, Inna ta taka min ƙafa. Ya so ya ƙi kifin, ta miƙe ta bar masa shi a kan tebur.

Abin da tafiyar nan ta koya min: in likita ya rubuta magani, ku tambaye shi ƙaramin sunan, ku tambaye shi ko akwai mai sauƙin kuɗi, kuma kada ku canja da kanku sai ya gani. Iyayenmu ba za su yi wannan tambayar ba, ganinta suke rashin kunya ce, don haka mu marasa kunyar mu riƙa raka su. Har yau Inna ta yarda kifinta ne ya yi aikin. Ni da ba na barin gardama, wannan na bar mata.