Ranar da Umma Ta Fita Zaɓen Dibidi

Umma, mahaifiyata, ta shekara talatin tana koyarwa a firamare kafin ta ajiye alli. A lokacin da nake ba da labari soja sun yi 'yan shekaru da komawa bariki, wayar salula ta fara shiga hannun kowa, ni kuma na fara aikin koyarwa ke nan, ina zaune tare da ita da Baba a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. A shekarar ne gwiwoyinta suka matsa mata, jininta kuma ya hau. Likita ya rubuta magani, ya ce amma ƙwaya kaɗai ba za ta yi ba, sai ta riƙa motsa jiki.

Da tafiya ta fara. Takan zura hijabi da safe ta ce za ta taka har Daurawa ta dawo. To amma matar da ta koyar da rabin unguwa ba ta wucewa a layi salin alin. Wannan ya tsayar da babur ya durƙusa, waccan ta leƙo ta ce wallahi sai Malama ta shigo ta ga jariri. Rannan ta fita ƙarfe bakwai, ba mu gan ta ba sai sha ɗaya, da ƙullin ƙosai a hannu da labarin biki uku.

"Wannan ai ziyara ce," ta ce tana cire takalmi. "Bakina kawai ya motsa."

Muna da maƙwabciya Kirista, mutuniyar kudu, ma'aikaciyar jinya, wadda ta fi shekara ashirin a layinmu. Babba da yaro Mama Nas muke ce mata. Ita ce ta kira Umma falonta ta sa mata wani faifan dibidi. Tsofaffi ne zaune a kan kujeru, wata dattijuwa mai furfura a gabansu tana nuna musu yadda za su ɗaga hannu, su miƙe ƙafa, su juya wuya. Umma ta kalla daga farko har ƙarshe, hannuwanta a cinya, kamar mai duba aikin ɗalibar koyarwa.

"Shigarsu dai ta mutunci ce," ta ce. "Kiɗan ne ba na so."

"Malama, ai ana kashe murya," in ji Mama Nas. "Ɗauki faifan, na ba ki."

Mu kuwa abin da muke da shi a gida tsohon bidiyo ne mai cin kaset. Baba ya ce zai tsaya a kasuwa ya sayo dibidi in zai dawo daga ɗaurin aure.

"Alhaji, kai za ka yi aiki da ita ko ni?"

Baba ya yi dariya ya ɗaga hannu biyu. Ya san matarsa. Ko tukunya za ta saya sai ta ƙwanƙwasa gindinta ta saurara. Ta yagi takarda daga wani tsohon littafinta na shirya darasi, ta yi rubutu, ta ninke ta haɗa da faifan a jaka.

Ranar Asabar da hantsi muka fita ni da ita. Shagon farko a Unguwa Uku yake, mai shi matashi ne mai fara'a. Kafin Umma ta gama amsa gaisuwa ya kunna mana wata na'ura mai walƙiya da fitilu shuɗi da ja, ya ce sabon yayi ce, har makirufo biyu gare ta na rera waƙa. Bai tambaye ta me take so ba. Umma ta ce a miƙo mata rimot. Ta juya shi a hannu, madannansa ƙanana kamar ƙwayar gero, ta mayar masa.

"Ɗana, Allah ya kawo kasuwa."

A shago na biyu aka ce ba a buɗe kwali sai an saya. Umma ta ce ita kuma ba ta cinikin biri a sama, muka fito. Rana ta fara zafi, na ga tana ɗingishi, na ce ko mu koma gida Baba ya sayo. Ko kallona ba ta yi ba, ta tare mana tasi zuwa kasuwar Tarauni.

Can muka sami wani ɗan shago a lungu, rabinsa sabbin kaya, rabinsa rediyoyi da talabijin na gyara. Mai shagon dattijo ne ɗan ƙabilar Ibo, haifaffen Kano, Hausarsa kamar ta cikin badala. Ya share mata benci da hannun rigarsa.

"Hajiya, me za a yi da ita? Fim za a sa wa jikoki?"

"Magani ce," in ji Umma. Ta fito da faifan da takardar, ta gaya masa abin da likita ya ce, ba ta rage komai ba.

Ya saurara har ta gama. Sai ya sauko da kwalaye uku ya buɗe, ya jera na'urorin kusa da talabijin ɗinsa ta gwaji. Faifan Mama Nas ya sha hannu, bayansa duk ƙarce. Na'ura ta farko ta yi tafiya lafiya har wajen ɗaga ƙafa, daga nan hoton ya daskare, dattijuwar nan ta tsaya cak da ƙafa a sama.

"Ka gani ko?" in ji Umma. "In na biye wa wannan, haka zan zauna da ƙafa a sama har azahar."

Ya tuntsire da dariya, ya mayar da ita kwali. Sauran biyun suka wuce wajen ba gardama.

Umma ta duba takardarta. "In aka ɗauke wuta ina tsakiyar yi, in ta dawo daga ina za ta kama?"

Mai shagon ya sosa ƙeya. Ya ce tun da yake sayar da dibidi ba wanda ya taɓa yi masa wannan tambayar, kuma ba zai yi mata ƙarya ba, bai sani ba. Sai ya bar faifan ya yi nisa, ya zare waya daga soket, ya mayar. Na'urar ta koma farko, tun daga rubutun buɗewa. Ya sa faifan a ɗayar, wata baƙa mara ado, ya sake zarewa ya mayar. Ta ɗan yi tunani, sai ga dattijuwar ta ci gaba daga kusa da inda ta tsaya. Shi da kansa ya tafa hannu. Ya ce wannan ta daɗe a kan kantar shagon ba mai kallonta, saboda ba ta da fitilu.

Na zaci an gama. Umma ta ce in auna mata taku shida daga talabijin, don tazarar ke nan tsakanin kujerarta da tamu ta falo. Taku shidan ya kai ni har bakin ƙofa, wajen rumfa. Ta sa aka kai mata bencin can, ta cire tabarau ta ba ni, ta zauna da rimot a hannu. Sannan, a cikin kasuwa, cikin hijabinta, ta ɗaga hannuwa sama tare da tsofaffin nan, ta sauke, ta miƙe ƙafar dama. So take ta ga ko za ta iya tsayar da faifan daga nesa, ba tabarau, tana tsakiyar motsi. Mai hatsin da ke kallon shagon ya tsaya da kwano a hannu. Ni kunya ta rufe ni, na sunkuya na yi mata raɗa.

"Umma, mutane fa."

"Su za su ɗauke mini ciwon?" ta ce, ba ta ko rage murya ba, ta miƙe ƙafar hagu.

Na tsaya riƙe da tabaranta ina kallonta, gumi na bin goshinta, fuskarta a nutse kamar tana gaban allo. Mai shagon ya matso ya nuna mata wani madanni da ke maimaita wuri ɗaya sau nawa take so, don in motsi ya yi mata wuya ta tsaya a kansa har ta iya. Wannan ba ya cikin takardarta, ta karɓi biro ta ƙara shi. Da ya ga tana laluben madannan, sai ya ɗauko farin fentin da yake yi wa kayan gyara alama, ya ɗiga a kan guda uku: na tsayarwa, na maimaitawa, da na kashe murya. Ya ce ta haɗa da sitabilaiza, don wutar unguwarmu takan zo da ƙarfi. Da za mu tafi ya tambaye ta, cikin jin nauyi, ko wannan motsin zai yi wa yayarsa, ita ma gwiwa ta hana ta sakat. Umma ta ce ya fara kai ta likita, in likitan ya amince ya kawo ta gidanmu.

Tun daga washegari falonmu ya zama aji. Bayan karin kumallo takan ja kujerar roba tsakiyar ɗaki, ta kashe murya, ta riƙa ƙirga da bakinta, da muryar nan da ake ji daga ƙarshen makaranta. Baba yana zaure da rediyonsa yakan ce har ya haddace inda take yin nishi. Makonnin farko ba ta kai rabin faifan. Ba ta fasa ba ko ranar da gwiwar ta kumbura, sai dai ta yi na hannu ta bar na ƙafa. Mama Nas takan shigo ta gwada jininta, wata rana ta gyaɗa kai, wata rana ta yi faɗa a kan gishiri. Kafin damina ta fita na lura Umma tana tashi daga kan darduma ba ta dafa bango ba.

A hankali aka fara shigowa. Hajiyar gidan da ke kallonmu ta zo kallo, ta koma da ciwon kafaɗa, ta dawo bayan kwana biyu. Sai wata tela, sai yayar mai shagon da ɗanta yake kawowa a mota duk Talata da Alhamis. Ita a kudu ta girma, ba ta jin Hausa sosai, amma ƙirga ɗaya zuwa takwas bai yi mata wuya ba. In babu wuta Umma takan juya kujerarta ta fuskance su ta ja su da ka.

Bayan na yi aure na tare a Tarauni, wata safiya na biyo gida zan karɓi garin kunu. Na same su su biyar, hannuwa a sama. Umma ba ta tsaya ba, da rimot ta nuna mini wata kujera a gefe. Na zauna ina dariya, a raina ina cewa wasan tsofaffi ne. Ba a yi minti goma ba cinyoyina suka fara rawa. Da aka zo tashi da zama ba dafa hannu, na yi shida na zube a kujera ina haki, su kuwa suka cika sha biyu. Yayar mai shagon ta dube ni ta ce, "Sannu, yarinya," duk suka kwashe da dariya.

Umma ta tsayar da faifan, ta zuba ruwa a kofi ta miƙo mini.

"Garin kunun yana kicin," ta ce. "Amma sai an gama. Gyara zama, saura na wuya."