Rage Wuta, Bitrus

Shekara bakwai ke nan da muka binne yayana Bitrus a gefen gonarsa, bayan garin Zuru, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in ɗauka shi ne. Mutum ne mai zafi. Ba mugu ba ne, zafin ne kawai Allah ya zuba masa ba awo. Ya yi soja a sashen masu gyaran lantarki, da ya ajiye kaki ya dawo gida ya kama aikin kafa farantan sola. Daga nan har Mahuta da Danko, majami'u da masallatai da ƙananan asibitoci da yawa shi ya hau rufinsu. Yana aiki yana faɗa da kusoshi, da tsani, da wanda ya riƙe masa tsanin.

Matarsa Saratu ce kaɗai ke iya masa. In ya fara, ba ta ɗaga murya. Sai ta ce, "Bitrus, rage wuta," kamar tana magana da wadda tuwonta zai kama. Wani lokaci ya rage, wani lokaci ya ƙara itace.

Ranar da ya ƙi ragewa ita ta raba shi da 'yarsa Rahila. Ya riga ya shaida wa duk majami'a cewa likita za ta zama, sai ta je jami'a ta koma karatun sinadarai, shi kuma a bakin wani ya ji. Ya ce kada ta sake taka masa gida. Ita ma jininsa ce, ko kuka ba ta yi ba ta ɗauki jakarta. Kafin ɗayansu ya sauko, hawan jini ya kayar da shi. Rahila ta zo jana'iza, ta tsaya can baya, ta koma ko ruwan gidan ba ta sha ba. Tun daga nan sai gaisuwar waya. Saratu kuwa tsufa ya kama ta, idanunta sun fara rauni, kuma ba abin da take roƙo sai ta ga yarinyar nan a tsakar gidanta tun tana iya gani.

Bara na tsare Rahila a waya na ce ta faɗa mini wane irin aiki ne wannan da ya fi uwa. Ta yi mini bayani a hankali. Farantan da ubanta ya riƙa kafawa da silikon ake yin su, sai an narkar da shi da wutar da ta maƙera ba ta ko kusa da ita, shi ya sa sai manyan masana'antu. Amma akwai wani sinadari, ferobsikayit, wanda har yau harshena bai saba da sunansa ba. Shi jiƙa shi ake yi kamar rini, a shafa siriri a kan gilashi, a busar da shi da zafin da bai fi na tafasar ruwa sosai ba. Aikinsu a ɗakin gwaji shi ne su ƙara rage wannan zafin, yadda za a iya shafa shi a kan roba mai laushi ba tare da ta narke ba. Ba ta ɓoye mini aibinsa ba: ba ya son laima, yana saurin tsufa, kuma akwai dalma a cikinsa.

Na daɗe zaune bayan mun ajiye waya. Mutumin nan ya kori 'yarsa don ta bar hanyar da ya zana mata, ashe sawunsa take bi. Da yana raye me zai ce? Na san yayana. Zai juya abin a hannu ya ce, wannan ledar ce za ta jure ranar Zuru? Zai yi faɗan ya gaji, sannan ya ɗauko tsani ya gwada da kansa, washegari kuma duk kasuwa ta ji aikin 'yarsa. Rashin wannan ranar yana yi mini ciwo har yanzu.

Na sake kiran ta na ce, "Ni ba zan iya faɗa wa uwarki sunan abin nan ba. Ki zo ki faɗa mata da bakinki."

Bana, bayan an yanke dawa, ta zo. Da hantsi muka zauna a tsakar gida, ta ciro wata 'yar roba kamar tafin hannu, haɗe da ƙaramin ƙwan fitila. Saratu ta saurari bayanin har ƙarshe, sannan ta ce, "To, duk karatun ga, rage wuta ne kuka koyo?"

Rahila ta sa robar a rana. Fitila ta ƙi kamawa. Laima ta shige ta a hanya, gefenta har ya fara komawa rawaya. Sai ga ta tana jan wayar fitilar, tana tsaki, ta daki benci da tafin hannu, tana yi wa robar faɗa da murya irin ta ubanta sak.

"Rahila," in ji Saratu, "rage wuta."

Shekara bakwai ba a faɗi wannan magana a gidan ba. Rahila ta saki wayar, ta kifa kanta a cinyar uwarta, ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza.

Farantan Bitrus wasu na aiki, wasu an sauke su, nan gaba kuma duk za a sauke. Abin da ya bari wanda ba ya saukuwa shi ne zafin nan da son rana, ga su a jikin 'yarsa, tare da maganar da ke sanyaya su. Rahila ta kwana a gidan ubanta. Da safe ta shigo ɗakina riƙe da lalatacciyar robar.

"Gwaggo, tashi ki raka ni gona in nuna mashi," ta ce. "In zai yi faɗa, ya yi."