Saƙon Da Na Tura Daga Ƙofar Asibiti

Edita, bayan sallama, ina roƙon ɗan fili a shafin nan, kuma ka sakaya sunana.

A shekarun da abin ya faru ni mai gyaran rediyo da talabijin ne. Ina da 'yar rumfa a Ɗanbatta, gidana kuma yana wani ƙauye da bai fi tafiyar rabin awa daga can ba, irin ƙauyukanmu da gonar wannan ke manne da ta wancan, in ka yi tari a gidanka maƙwabci ya ce maka sannu. Ina da shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya uku, da wata tsohuwar a-kori-kura da nake ɗaukar taki da gyaɗa. Ba na shan taba, ban taɓa ɗaukar abin wani ba. Aibina ɗaya ne, kuma a lokacin ban ɗauke shi aibi ba: ina son a san na iya. Idan na gyara wa mutum rediyo, ba zai tafi ba sai na yi masa bayanin abin da ya ƙone a ciki, ko da kuwa motar Kano na shirin barinsa.

Yayana ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu. Ya ba ni shekara goma sha biyar, shi ne limamin garinmu, yana karantar da yara da safe, manya kuma bayan la'asar. Lokacin da dangi suka ce gyaran rediyo ba sana'ar ɗan gidan malamai ba ce, shi ya kama hannuna ya kai ni wurin mai koyarwa, ya ce halal ba ta da ƙarama. Yaya Malam nake ce masa, kuma ban taɓa zama a kan tabarma ɗaya da shi ba sai ya ce in zauna.

A wurin sayen kayan gyara a Kano na haɗu da wani dattijo, tsohon ma'aikacin sadarwa, wanda ya shigar da ni cikin wasu 'yan tsirarun mutane masu sha'awar rediyon oba-oba. Ba 'yan sanda ba ne, ba sojoji ba, sha'awa ce kawai, amma da lasisi ake yi, kowa da lambar kiransa. Na yi karatun, na samu tawa lambar, sannan na samo wata oba-oba ta hannu irin wadda ake ɗaurawa a mota. Abin da ya tafi da hankalina a jikinta ba maganar ba ce. Tana tambayar tauraron ɗan Adam inda take, bayan kowane 'yan mintoci sai ta yi wata 'yar ƙara kamar ta gyare, ta aika lambata da inda motata take. Dattijon nan yana da doguwar eriya a gidansa, ita ke kama saƙon ta zuba shi a taswirar intanet, kuma da yake ƙasarmu shimfiɗe take, saƙon yana isa. Ana kuma iya rubuta ɗan gajeren saƙo da ita, layi ɗaya, a tura wa wani mai lamba. Tun ranar farko dattijon ya ja mana kunne cewa wannan ba wayar salula ba ce, duk abin da ya hau iska na kowa ne, kuma rubutun yana zama a shafin taswirar kusa da lambar mai shi. Na ji wannan da kunnena, ba zan ce ban ji ba.

Ai kuwa sai kaina ya kumbura. Na haɗa wayar rediyon da makunnin mota yadda da na murɗa makulli za ta tashi da kanta. Na bi 'yan majalisar mai shayi ɗaya bayan ɗaya ina karɓar wayoyinsu, ina nuna musu inda za su rubuta lambata su ga motata tana tafiya a kan hanyar Kano. Suka laƙaba mini Tauraro. Telan garinmu ya mayar da abin wasan yini, in na dawo ya tare ni ya ce ya ga na tsaya minti ashirin a wurin mai tsire ban kawo musu ko yanka ɗaya ba. Ni kuwa daɗi nake ji, har ina ƙara musu bayani.

Wata rana da damina, muna noman gero, Yaya ya kira ni can ƙarshen gona inda babu kowa. Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini wani tabo fari-fari a damtsensa, ya tsinko ƙaya ya ba ni ya ce in soka. Na ƙi, ya matsa, na soka. Ko motsi bai yi ba. Ya ce ya riga ya nuna wa wani ma'aikacin lafiya a birni, an tabbatar masa farkon kuturta ce, an kuma ce tana warkewa sarai in dai zai riƙa zuwa karɓar magani duk wata har shekara ta zagayo. Asibitin da aka tura shi yana wani gari da ba zan ambata ba, domin a wajenmu sunan garin kaɗai ya isa a gane ciwon mutum. Ya ce ciwon bai ba shi tsoro ba, daga Allah ne. Abin da ke hana shi sukuni shi ne babbar 'yarsa, wadda aka riga aka kawo gaisuwar neman aurenta, ita da yaron suna son juna. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da ake tambaya idan an zo binciken aure: ko akwai sata a gidan, ko hauka, ko kuturta. Ya ce ko matarsa bai gaya wa ba, ni kaɗai ya zaɓa saboda ina da mota kuma ni jininsa ne. Na yi masa alkawari har da rantsuwar da bai nema ba. Muka shirya cewa duk wata za mu ce mun tafi birni gaida tsohon malaminsa.

Wata uku ina cire wayar rediyon kafin mu tashi. A wata na huɗu aka yi ruwa da safe, motar ta ƙi tashi, sai da aka tura mu, na manta. Ina zaune a cikin mota a ƙofar asibitin, Yaya yana ciki, sai na ji rediyon ta yi ƙara, rubutu ya fito a ɗan allonta. Wani ne daga cikin 'yan ƙungiyarmu, mutum mai yawan barkwanci, yake tambaya me Tauraro yake yi awa biyu a wannan gari, ko dai yatsun da ke riƙe ƙarfen gyara sun fara raguwa ne. Wasa yake yi, kuma na san wasa ne. Ina iya cewa talabijin aka kira ni in gyara. Ina iya kashe ta in yi shiru. Amma raina ya ɓaci da a ce ni, Tauraro, ake jingina wa wannan ciwo a gaban mutanen da nake so su girmama ni. Na danna maɓallan nan ɗaya bayan ɗaya, kuma rubutu da su ba sauƙi gare shi ba, sai da na ɗauki kusan minti biyu, na rubuta cewa ba ni ba ne, yayana na kawo karɓar magani. Na tura. Sai da gyaren nan ya yi kukansa sannan na gane abin da na aikata.

Yaya ya fito fuskarsa a sake. Ya ce likita ya yaba, ya kuma sake tabbatar masa cewa tun da ya fara shan maganin ba ya iya sa wa kowa. A hanya ya sa na tsaya ya sayi rake ya ce a kai wa yarana. Ban gaya masa komai ba. Na yi ta lallashin kaina cewa mutum nawa ne ma ke duba shafin nan, na manta ni da kaina na saka shi a wayar rabin majalisa.

Kwana goma ba a ce komai ba. Daga baya na ji tela ne ya gani, ya nuna wa mutum ɗaya don mamaki, shi kuma ya nuna wa wani. Ba wanda ya tari Yaya da maganar, mu ba ma yin haka. Abin da na fara lura da shi shi ne bayan an idar da sallah, mutanen da ke rige-rigen musabaha da shi sun koma ɗora hannu a ƙirji daga nesa. Sai na ga butarsa ita kaɗai a gefe guda, sauran butocin an tattara su can. Sai iyaye suka fara cewa yaransu aikin gona ya yi musu yawa, za su dawo karatu bayan kaka. Ranar kasuwa kuma kawun yaron da ke neman 'yar Yaya ya zo rumfata, ya gaishe ni cikin mutunci, ya miƙo mini waya ya tambaya ko wannan lambata ce. Na ga taswirar, na ga layin da na rubuta. Ni mai son bayani, ranar na yi bayanin da ban taɓa yin irinsa ba, na gaya masa ciwon yana warkewa, ba gado ba ne, ba ya yaɗuwa in ana shan magani. Ya saurare ni har na gama, ya ce Allah ya ba Malam lafiya, ya tafi. Bayan sati aka aiko cewa sun yi istihara ba su ga alheri a auren ba.

Na garzaya Kano wurin dattijon nan ina roƙonsa ya goge. Ya dube ni da tausayi ya ce abin ya riga ya bar hannunsa tun ranar, kuma ko shafin ya share kansa, mutanena sun ɗauki hotonsa a wayoyinsu. Bai ce ya gaya mini ba, amma da ya faɗa da ya fi mini sauƙi.

Sai da aka fara yankan gero na iya samun Yaya a gona. Yana ɗaure dami, na durƙusa na fara magana, ashe ya daɗe da sani. Tambaya ɗaya ya yi mini: injin ne ya faɗa da kansa, ko hannuna ne ya rubuta. Wallahi na so in ce injin ne, kuma da zai yarda. Na ce hannuna ne. Ya ce ya yafe mini, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa, ya ci gaba da ɗaure daminsa. A satin nan ya miƙa wa na'ibinsa limanci, ya ce gwiwoyinsa ne ke damunsa, jama'a kuma suka karɓi uzurin da saurin da ya sa ni hawaye. Sauran watannin maganin da motar haya ya riƙa zuwa shi kaɗai, ya ce kada ya riƙa hana ni zuwa rumfa.

Yau shekara huɗu ke nan. Yaya ya gama maganinsa, an ba shi takardar cewa ya warke, ko farce ɗaya bai rasa ba. Ba wanda ya nemi ganin takardar. Ni na ɗauke ta na kai majalisa ina karanta musu, suka ce alhamdu lillahi, Juma'a ta zagayo hannayensu na nan a ƙirji. Yarinyar tana gida har yanzu, duk wanda ya fito sai bincike ya mayar da shi. In na shiga gidan takan durƙusa ta gaishe ni ta ce sannu da zuwa Baba, ta kawo mini ruwa, kuma ban san abin da ya fi wannan ciwo ba. Na kan je cin abincin rana wurin Yaya don kada ya ci shi kaɗai, amma kwano biyu yake sa a kawo. Wata rana na ture nawa na sa hannu a nasa. Ya janye kwanon a hankali, ya ce in bari, ina da 'ya'ya mata uku masu tasowa, kada wani ya leƙo ya gani.

Na daɗe ina zagin na'urar nan a raina, na cire ta na jefa a ƙasan akwati. Yanzu na daina yaudarar kaina. Ita inda motar take kawai ta faɗa, kuma wannan ina da ƙaryar da za ta rufe shi. Sunan Yaya ni na bayar, don kada a yi mini dariyar minti biyu. Ban ga hanyar gyara ba, kuma na daina sa ran akwai.

Ga masu irin wannan rediyo, da ma duk mai waya ko motar da ke nuna inda yake, ku sani ba ku kaɗai take nunawa ba, har da wanda ya shiga motarku don ya yarda da ku. Ku kashe ta kafin ku ɗauki mutum zuwa inda bai so a sani ba. Ga mutanenmu na karkara kuma, ku ji tsoron Allah, kuturta tana da magani, wanda ya warke ya warke, ku miƙa masa hannu. Kai kuma da aka ba amanar ciwon wani, idan aka tsokane ka, bari a yi maka dariyar, kafin la'asar an manta. Ni na ƙi a yi mini, ga shi har yau yayana shi kaɗai yake cin tuwonsa.